Daga Biza Zuwa Izinin Zama: Makonnina Shida na Farko a Birnin Xi'an

Na bar Kano a farkon watan Satumba na shekarar 2018, ina riƙe da fasfo mai ɗauke da bizar karatu wadda ake kira X1, da takardar gurbin da jami'a ta ba ni, da wata takarda mai suna JW202 wadda sai da ita ake neman bizar, da kuma jakunkuna biyu da mahaifiyata ta cika rabin ɗaya da yaji da kuka da garin kunu. Jirgi ya sauke mu a Addis Ababa, daga nan muka shiga wani na tafiyar fiye da sa'o'i 10 zuwa Guangzhou a ƙasar Sin. A cikin wannan jirgi ban ji na bar gida ba, domin 'yan kasuwa ne maƙil, wasu daga Kantin Kwari, wasu daga Onitsha, wasu daga Bamako, kuma ina jin Hausa tana tashi daga kujerun baya. Ko da muka sauka aka ɗauki hoton yatsunmu aka buga mana hatimi, layin da nake ciki na baƙaƙen fata ne kusan duka.

Baƙunta ta fara ne sa'ad da 'yan kasuwar suka nufi ƙofar fita, ni kuwa na juya zuwa sashen jiragen cikin gida don in kama na Xi'an, wanda ake furta shi kamar "Shi'an". A ɗakin jira na duba gabas da yamma ban ga mai kama da ni ba. Wani yaro da bai wuce shekara huɗu ba ya tsaya a gabana, ya ƙura mini ido, ya nuna ni da yatsa, ya faɗa wa kakarsa wata kalma da ƙarfi. Kakar ta kama hannunsa ta sauke, sannan ita ma ta tsaya tana kallona. Daga baya na san kalmar, "heiren", wato baƙin mutum, kuma ita ce kalmar Sinanci ta farko da na koya a cikin ƙasar, kafin ma in iya tambayar kuɗin ruwan sha.

Na isa Xi'an da dare, ofishin ɗakunan kwanan ɗalibai ya riga ya tashi, saboda haka sai na nemi masauki kusa da makaranta. A na farko, matar da ke karɓar baƙi ta dube ni, ta dubi fasfona, ta girgiza hannu ta ce "meiyou", babu. A na biyu ma haka aka yi, alhali ina ganin wani Basine da ya shigo bayana an miƙa masa makulli. Na tsaya a bakin titi da jakunkunana, zuciyata ta yi nauyi, kuma na yanke hukunci a raina cewa fatata ce aka ƙi. Wani direban tasi ne ya karanta abin da na rubuta a waya, ya kai ni wani babban otal inda aka karɓe ni ba tare da wata magana ba. Sai bayan kwanaki wani ɗalibi ɗan Kazakistan, wanda fatarsa ba ta bambanta da ta Sinawa sosai ba, ya gaya mini cewa shi ma an mayar da shi a irin waɗannan ƙananan masaukai, domin doka ta wajabta wa kowane otal ya yi wa baƙon ƙasar waje rajista da 'yan sanda, kuma da yawa daga cikinsu ba su da tsarin yin hakan, ko kuma ba sa son ɗawainiyarsa. Wannan bayani ya sanyaya mini rai, amma ya bar ni da wata damuwa da ta bi ni makonni: idan aka yi mini abu, ta yaya zan gane ko don ni baƙo ne aka yi, ko don ni baƙi ne? A gida mutum yana karanta fuskar wanda ke gabansa, ya ji sautin muryarsa, ya san inda ya dosa. A nan kuwa ba ni da harshen, ba ni da al'adar, sai zato kawai, kuma zato abu ne mai gajiyar da zuciya.

Washegari aka yi mini rajista a makaranta, aka ba ni ɗaki, aka kuma ba ni wata ƙaramar takarda ta shaidar wurin zama. Dokar ƙasar ta ce baƙon da ya sauka a gidan haya ko gidan wani dole ne ya kai kansa ofishin 'yan sandan unguwa cikin sa'o'i 24, amma wanda ke otal ko ɗakin makaranta su ne ke yi masa. Ma'aikaciyar da ke kula da ɗaliban waje ta buɗe fasfona, ta ɗora yatsa a kan bizar, ta nuna mini inda aka rubuta 000 a gurbin adadin kwanakin zama. Ta ce wannan biza ta shigowa ce sau ɗaya, kuma ina da kwanaki 30 daga ranar da aka buga mini hatimi in nemi takardar izinin zama, idan kuwa na wuce, tara ce ta yuan 500, wato kuɗin ƙasar, a kowace rana har zuwa yuan 10,000, kuma lamarin zai iya kaiwa ga tsarewa. Ta rubuta mini ranar ƙarshe a kan takarda da jan biro. Daga wannan rana na fara ƙirga kwanaki.

Matakin farko shi ne gwajin lafiya, a wata cibiya da aka keɓe domin masu shige da fice. An ce mu je da sassafe ba mu ci komai ba. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙirji da na ciki, aka auna bugun zuciya, aka duba ido, kowane ɗaki da hatiminsa a kan takarda guda. A wannan layi na fara ganin sauran baƙin birnin a wuri ɗaya: 'yan Pakistan da yawa, 'yan Asiya ta Tsakiya, 'yan Koriya, Turawa masu koyar da Turanci, da mu 'yan Afirka da ba mu kai goma ba. Ma'aikaciyar da za ta ɗebi jinina ta daɗe tana shafa hannuna tana neman jijiya, ta kira abokiyar aikinta, suka yi magana a tsakaninsu, sannan ta biyun ta samu. Da ta gama sai ta ɗaga babban yatsa ta yi mini murmushi. Ban ji haushin wannan ba, domin a fili yake cewa rashin sabo ne, kuma ta yi aikinta da kulawa.

Yayin da nake jiran sakamako na shiga neman layin waya da asusun banki, kuma a nan ne na gane cewa a wancan lokaci baƙo a Sin ba shi da ƙafa sai ya mallaki waɗannan biyun. Ƙananan shagunan waya ba sa iya yi wa mai fasfo rajista, sai babban ofishin kamfanin. A banki na shafe kusan sa'o'i biyu a kan sunana kaɗai, domin sunan Basine harafi biyu ne ko uku, nawa kuwa kalmomi uku ne dogaye, kuma dole ne yadda aka jera su a banki ya zo daidai da na layin waya, harafi da harafi, kafin WeChat, dandalin hira da biyan kuɗi na waya, ya yarda a haɗa shi da asusun. Ma'aikacin ya goge ya sake rubutawa har sau uku, mutanen da ke bayana suna leƙowa ta kafaɗata suna duba fasfon, wani dattijo ma ya karɓe shi ya juya shi yana kallon tambarin gaggafa da dawaki biyu. Da aka kammala sai rayuwa ta sauƙaƙa nan take, domin har mai gasa dankali a bakin titi yana da lambar da ake nuna wa waya a biya shi. WhatsApp da Facebook da Google ba sa buɗewa a ƙasar, saboda haka sai da na sa ƙanena ya sauke WeChat a wayar gida kafin na ji muryar mahaifiyata. Agogonsu yana gaban namu da sa'o'i 7, idan na kira bayan sallar isha'i, su ba su daɗe da idar da azahar ba.

Amma abin da ya fi cin raina a waɗannan makonni ba takardu ba ne, idanun mutane ne. Xi'an babban birni ne, ƙidayar shekarar 2020 ta ba shi mutum kusan miliyan 13, kuma ya taɓa zama fadar sarakunan daular Tang, mafarin hanyar fatauci da ake kira Hanyar Siliki. Duk da haka baƙar fata ba abin da aka saba gani ba ne. A jirgin ƙarƙashin ƙasa, idan na ɗaga kai sai in ga waya ta fuskanto ni, mai ita yana yi kamar karatu yake. Ina jin "laowai" da "waiguoren" suna bi na a baya, dukansu suna nufin mutumin waje, sai kuma "Feizhou ren", ɗan Afirka. Wasu samari sukan tambaye ni ko daga Amurka nake, ko ina buga ƙwallon kwando. Idan na ce "Niriliya", wato Najeriya a bakinsu, wasu sukan ambaci ƙwallon ƙafa, domin watanni biyu ke nan da kammala gasar cin kofin duniya a Rasha, wasu kuma su tambaye ni ko akwai zafi sosai a can, su nuna hannuna, kamar masu neman dalilin launinsa.

Ranar wata Asabar na hau ganuwar birnin, wadda aka gina a zamanin daular Ming cikin ƙarni na 14. Tsawon kewayenta ya kusa kilomita 14, kuma faɗin samanta ya isa mutane su yi ta tuƙa keke. Na tsaya ina tuna badalar Kano da yadda ruwan sama da masu ɗibar ƙasa suka cinye ta, raina ya sosu. Ban daɗe da tsayuwa ba wani iyali da suka zo yawon buɗe ido daga ƙauye suka kewaye ni. Uban ya roƙi hoto da hannu biyu, na amince. Kafin a gama wasu sun taru, wata tsohuwa ta kama tsintsiyar hannuna ta murza da babban yatsanta, ta duba yatsan, sannan ta faɗi wani abu da ya sa jama'a dariya. Na janye hannuna na bar wurin, kuma na koma ɗaki ban ci abincin dare ba.

A daren na yi ta juya abin a raina, har na tuna yadda muke yi muna yara idan Bature ya shigo unguwarmu, mu bi shi a guje muna kiran "Bature! Bature!", wani ma ya taɓa gashin hannunsa ya ruga. Na tuna kuma Sinawan da ke harkar atamfa a Kano, yadda yara ke kwaikwayon maganarsu a gabansu. Mu a lokacin ba mu ɗauka muna cutar da kowa ba. Wannan tunani bai sa na ce abin da tsohuwar ta yi daidai ne ba, domin jikin mutum ba haja ba ne da za a murza a ga ko tana zuba, amma ya taimake ni na raba kallo gida biyu. Akwai kallon wanda bai taɓa gani ba, wanda idan ka ce masa "ni hao", wato sannu, sai fuskarsa ta saki, ya fara tambayarka shekarunka da ko ka yi aure. Wannan shi ne mafi yawa nesa ba kusa ba. Akwai kuma na biyu, wanda ban haɗu da shi sau da yawa ba, amma ban yi shakkarsa ba da na gan shi: wata mata a cikin lif ta ja ɗanta baya, ta rufe hancinta da gyale har muka sauka, alhali na fito daga wanka ke nan. Wannan ba rashin sani ba ne, wulaƙanci ne, kuma ya yi mini ciwo ƙwarai. Abin da na yi ƙoƙarin kiyayewa shi ne kada in ɗora laifin wannan mata a kan dattijon da ya bar hanyarsa ya raka ni har tashar bas cikin ruwan sama, ko a kan mai kula da ginin kwananmu, wadda muke kira "ayi", wato inna, da ta ji ina tari ta kawo mini tulun ruwan zafi ta tsaya sai da na sha.

Batun abinci ne ya kai ni inda na fara samun sauƙi. Tun a gida wani malamina ya zana mini haruffa biyu a takarda, ya ce duk inda na gan su in shiga in ci. Ana karanta su "qingzhen", kuma su ne alamar halal. Kusa da ƙofar makaranta akwai wani ƙaramin shagon taliyar hannu na 'yan ƙabilar Hui, Musulmin Sin da yawansu ya haura miliyan 10, mazansu da fararen huluna, matansu da mayafi. Ran da na fara shiga, shagon ya yi tsit, kowa ya dakata da ci. Na yi sallama. Mai shagon ya ajiye ƙullin da yake ja, ya amsa mini cikakkiyar sallama, ya tambaya: "Musilin?" Na ce e. Ya tambayi sunana, da na faɗa sai ya maimaita shi daidai tun karon farko, abin da ba wanda ya yi tun zuwana, domin sunan annabi ne, kuma su ma suna raɗa wa 'ya'yansu irinsa baya ga sunan Sinanci. Ya kira matarsa daga ciki ya faɗa mata. A ranar naman da ke kan taliyata ya fi na kowa yawa.

Shi ne ya kwatanta mini hanyar Babban Masallacin Xi'an, a unguwar Musulmi da ke bayan Hasumiyar Ganga. An ce asalinsa tun shekarar 742 ne, ko da yake ginin da ake gani yanzu na zamanin Ming ne da bayansa. Wanda ya saba da masallatanmu zai iya wuce shi bai sani ba, domin babu ƙubba, ginin katako ne mai rufin Sinawa, farfajiya bayan farfajiya, da itatuwa da allunan dutse masu rubutun Larabci da Sinanci. Masu yawon buɗe ido suna biyan kuɗin shiga, amma da na yi wa mai ƙofa sallama sai ya matsa mini hanya. Juma'a a bakinsu "Zhuma" ce, liman kuma "ahong". Alƙibla tana yamma, abin da ya ɗauke ni kwanaki kafin jikina ya saba, ni da na tashi ina fuskantar gabas. Ko a nan ban tsira daga kallo ba, domin su mabiya mazhabar Hanafiyya ne, ni kuwa na saki hannuwana a nafila kamar yadda aka koya mini a makarantar allo. Da na idar, wani dattijo mai farin gemu da ke gefena ya kama hannuwana a hankali ya ɗora mini su a ƙasan cibiya, yana nuna mini yadda ake yi. Na ce masa "Maliki". Ya yi shiru kaɗan, ya maimaita kalmar, ya gyaɗa kai, sannan ya riƙe hannuna da nasa biyu ya daɗe bai saki ba. Shi ma taɓa ni ya yi ba tare da neman izini ba, kamar tsohuwar kan ganuwa, amma shi sahu ɗaya muka tsaya, kafaɗarsa tana jikin tawa, kuma abin da ya dame shi sallata ce.

Sakamakon gwajin lafiya ya fito lafiya ƙalau, makaranta ta ba ni wasiƙarta mai jan hatimi, na haɗa da takardar shaidar wurin zama da hotuna da kwafin fasfo, na tafi ofishin shige da fice na 'yan sandan birnin ana saura kusan makonni biyu wa'adina ya cika. Na ɗauki lamba na zauna. Jami'in ya duba takardun ɗaya bayan ɗaya, ya dubi hoton fasfo, ya dube ni, ya sake duban hoton, ya tambaye ni abin da zan karanta da inda nake kwana. An ɗauki sabon hoto, kuma sai da mai ɗaukar ya gyara fitila sau biyu kafin na'urar ta karɓi fuskata. Kuɗin izinin da bai kai shekara ba yuan 400 ne. Suka riƙe fasfon, suka ba ni rasit, suka ce shi ne shaidata har kwanakin aiki 15.

Waɗannan kwanaki sun faɗa cikin hutu biyu, bikin tsakiyar kaka da ya zo ranar 24 ga Satumba a wannan shekara, da kuma hutun mako guda na ranar ƙasa da ke farawa 1 ga Oktoba. Na gaya wa malamarmu ta Sinanci cewa mu ma ranar 1 ga Oktoba ce ranar 'yancin kanmu, tun 1960, su kuwa ranar kafa jamhuriyarsu ce, tun 1949. Ta yi mamaki, ta sa na faɗa a gaban aji da ɗan Sinancin da na tara, kalma bayan kalma, tana gyara mini sautin kowace. A cikin hutun birnin ya cika da baƙi daga larduna, kallo ya ninka, saboda haka na fi zama a ɗaki ina haddace haruffa, rasit ɗin yana cikin leda a aljihun rigata ko da shago zan je. Mutum mai fuskar da ake hangowa daga nesa, kuma ba fasfo a hannunsa, ba ya samun natsuwa sosai, ko da kuwa ba wanda ya taɓa tare ni a hanya ya nemi takarda.

A tsakiyar Oktoba na koma na karɓi fasfon. Izinin zaman takarda ce da aka manna a shafi guda, mai ɗauke da dalilin zama da ranar ƙarewa, kuma da ita zan iya fita ƙasar in dawo ba tare da sabuwar biza ba. Na kai wa makaranta aka sabunta rajistata. Sanyi ya riga ya fara shigowa, ga shi ba a kunna ɗumin gidaje a birnin sai 15 ga Nuwamba, saboda haka daga ofishin na wuce kasuwa na sayi rigar sanyi mai kauri, na yi cinikin da bakina ba tare da na nuna waya ba. A hanyar dawowa wani yaro a cikin bas ya nuna ni ya ce "heiren". Na ce masa da Sinanci ni ɗan Najeriya ne, na tambaye shi shekarunsa. Ya ɓoye fuska a jikin uwarsa, sannan ya ɗago yatsu biyar. Uwar ta ce masa ya gaida "shushu", wato baffa, kuma ya gaida ni da ƙaramar murya. Na sauka a ƙofar makaranta na shiga shagon taliya, ɗan mai shagon ya hango ni tun daga bakin ƙofa, ya kira sunana ya juya ciki yana gaya wa babansa a sa kwano ɗaya, a ƙara barkono.